Rubutun Masar Ta Dā: Dutse Ya Ajiye, Wa Zai Karanta?

Mu da aikinmu shi ne riƙe alli da koya wa yara baƙi da wasali, akwai wani labari da ya kamata a ce kullum yana cikin zukatanmu, wato labarin rubutun mutanen Masar na zamanin Fir'auna. Rubutu ne da aka yi shekara fiye da 3,500 ana aiki da shi, aka sassaƙa shi a jikin duwatsun da har gobe suna nan tsaye, amma duk da haka sai da aka wayi gari babu mahaluki ɗaya a bayan ƙasa da zai iya karanta ko da kalma guda daga cikinsa. Aka yi shekara wajen 1,400 a haka. Yadda abin ya faru, da yadda aka yi bakinsa ya sake buɗewa, shi ne muke so mu tattauna a wannan wata, don kuwa akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Bari mu faro daga tushe. A shekarar 1988 wasu masana Jamusawa suka tona kabarin wani sarki a Abidos, can kudancin Masar, suka sami 'yan ƙananan alluna na ƙashi da na hauren giwa, kowanne bai wuce girman kan sarki ba, da 'yar huda a gefe don a ɗaura shi a jikin kaya. A kansu akwai zanen tsuntsaye da dabbobi da itatuwa da alamun ƙidaya. Masana sun ƙiyasta shekarunsu da kimanin 5,200, kuma suna cikin mafi tsufan rubutun Masar da aka sani. Ke nan da lissafin dukiyar sarki abin ya fara: nawa ne, kuma daga wane gari aka kawo. Su mutanen Masar suna kiran rubutunsu da sunan da ke nufin kalmomin abin bauta, domin a ganinsu wani abin bautarsu mai suna Jehuti, wanda suke zana shi da kan jinjimi, shi ya koya wa 'yan Adam. Daga baya ne Girkawa suka laƙaba masa sunan hiroglif, ma'ana sassaƙa mai tsarki.

Duk wanda ya fara ganin wannan rubutu zai ɗauka zane ne kawai, ya ga mujiya ya ce ana maganar mujiya, ya ga ƙafa ya ce ana maganar tafiya. Wannan zato shi ne ya ɓatar da masana shekaru aru-aru. Gaskiyar maganar ita ce yawancin zanen sauti suke ɗauke da shi. Ga misali da harshenmu: a ce muna so mu rubuta "kai" na wanda muke magana da shi, sai mu zana kan mutum, muna so mu rubuta "wuya" ta wahala, sai mu zana wuyan mutum. Mai karatu ya faɗi sunan abin da ya gani, kunnensa ya gaya masa abin da ake nufi. Haka suka yi. Zanen agwagwa a wurinsu yana iya nufin "ɗa", saboda kalmomin biyu sun yi kama a bakinsu. Suna da alamu 24 da kowace ke wakiltar baƙi ɗaya: mujiya ita ce "m", igiyar ruwa "n", baki "r", ƙafa "b", maciji mai ƙaho "f", 'yar gurasa "t". Akwai kuma alamu masu ɗauke da baƙi biyu ko uku a haɗe. Wasali kuwa ba su rubuta shi, kamar dai Larabcin jarida. Don kada mai karatu ya ruɗe, sai su ƙara wata alama a ƙarshen kalma wadda ba a furta ta: ƙafafu biyu in kalmar ta shafi tafiya ce, mutum a zaune in suna ne, naɗaɗɗiyar takarda in abu ne na tunani wanda ido ba ya gani. In kana so ka san ta ina za ka fara karatu, sai ka dubi inda tsuntsaye da mutane suka fuskanta, daga can ake farawa.

A nan ne ya bambanta da alamun adinkira da muke gani a zannuwan maƙwabtanmu Asante. Kowace alamar adinkira tana ɗauke da wata hikima ko karin magana, amma ba a rubuta wa mutum wasiƙa da su a ce ya aiko da buhun gero ranar Laraba. Rubutun Masar kuwa duk abin da baki zai faɗa yana iya ɗauka.

Alamun da ake aiki da su a zamanin da harshen yake kan ganiyarsa sun kai wajen 700. Saboda haka koyonsa aikin shekaru ne, kuma wanda ya iya shi ya haye. Ɗalibi yana zaune a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, da alƙalaminsa na kara, da baƙar tawada ta kunkunniya, da ja ta jar ƙasa. Yana koyo a kan fasasshen kasko ko ɓallin dutse, ko allon katako da aka shafe da farar ƙasa, wanda ake gogewa a sake rubutawa. An sami irin wannan allo da gyaran malami a kansa da jar tawada. Mu da muke kwana muna duba littattafan yara da jan biro, da muka ji wannan sai muka yi murmushi, ashe sana'ar tamu ta tsufa. Akwai ma wani darasi da aka yi ɗaruruwan shekaru ana ba yara su kwafa, inda wani uba a hanyarsa ta kai ɗansa makaranta yake zayyana masa wahalar maƙeri da magini da masunci da mai wanki, don ya nuna masa babu sana'ar da ta kai ta magatakarda. Sai dai akwai abin lura. Masana sun ƙiyasta cewa a zamunnan farko masu iya karatu ba su wuce mutum ɗaya cikin ɗari ba. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Zanen nan mai kyau na jikin gine-gine ne da kaburbura. Don aikin yau da kullum suna da wani salo na gaggawa, wanda aka taƙaita zanen ya koma kamar rubutun hannu, ana yinsa a kan takardar da suke haɗawa da wani irin kara na bakin Kogin Nilu. Da wannan salo aka rubuta abubuwan da suka fi taɓa mana zuciya. A shekarar 2013 aka gano wasu takardu a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, waɗanda wani shugaban ma'aikata mai suna Merer ya rubuta kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Yana lissafa, kwana bi kwana, yadda shi da mutanensa suke lodin farin dutse a jirgin ruwa daga Tura zuwa Giza, inda ake gina babbar dala ta Sarki Khufu. A ƙauyen Dairul Madina kuma, inda masu haƙa kaburburan sarakuna suka zauna, an sami wani ɓallin dutse da ke ɗauke da rajistar waɗanda ba su zo aiki ba da dalilansu: wane kunama ta harbe shi, wane uwarsa ba ta da lafiya, wane ciwon ido, wane yana dafa giya. Duk malamin da ya taɓa kiran suna da safe ya san irin wannan rajista. A ƙauyen nan ne kuma, a shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na 3, ma'aikata suka ajiye kayan aiki suka je suka zauna a jikin haikali saboda hatsin da ake biyansu da shi ya makara. Magatakardan ƙauyen ya rubuta labarin, kuma shi ne yajin aiki mafi tsufa da aka sani a rubuce. Wanda ya taɓa jiran albashi har wata ya raba ba ya bukatar a yi masa bayani.

Ban da amfanin yau da kullum, mutanen Masar sun ɗauki rubutu a matsayin abu mai rai. A wurinsu muddin sunan mutum yana rubuce ana karanta shi, to, mutumin bai gama mutuwa ba. Shi ya sa ake kewaye sunan sarki da zanen igiya don kariya, kuma shi ya sa in ana so a hukunta wanda ya riga ya mutu sai a bi gine-gine da kurfi ana kankare sunansa. An yi wa Sarauniya Hatshefsut haka, an yi wa Sarki Akhenaton. A cikin wasu kaburbura za ka ga an zana macijin da ke cikin kalma a datse, ko tsuntsu babu ƙafafu, don tsoron kada su tashi su cuci mamaci. Suna kuma da wasu duwatsu masu rubutun tsari, waɗanda ake kwarara wa ruwa a tara a ba wanda maciji ko kunama ta sara ya sha. Aƙidarsu daban, tamu daban, amma wannan yana nuna mana cewa girmama rubutu tsohon abu ne a zuciyar ɗan Adam.

To, yaya aka yi abu mai irin wannan daraja ya mutu? Sannu a hankali ne. A shekara ta 332 kafin Miladiyya Iskandar na Makidoniya ya ci Masar, mulki ya koma hannun Girkawa, sa'an nan Rumawa suka karɓa a shekara ta 30 kafin Miladiyya. Harshen ofis da kotu da haraji ya zama Girkanci. Uban da yake so ɗansa ya sami aiki sai ya kai shi inda ake koyar da Girkanci. Tsohon rubutu ya koma cikin haikali, a hannun malaman tsafi. Su kuwa maimakon su sauƙaƙa shi, sai suka yi ta ƙara masa alamu har suka kai dubbai, suna gasar gwaninta a tsakaninsu. A haikalin Isna akwai wata waƙar yabo da aka rubuta kusan dukkanta da zanen kada, wata kuma da zanen rago. Gwaninta ce, babu shakka, amma irin wadda ba mai gane ta sai 'yan gida. Da addinin Kirista ya bazu, aka daina ciyar da haikalai, daga bisani sarakunan Rum suka ba da umarnin rufe su, sai ilmin ya rage a hannun gidaje ƙalilan. Rubutun zane na ƙarshe da aka sani yana tsibirin Fila, kusa da Aswan. Wani malamin haikali mai suna Esmet-Akhom ne ya sassaƙa shi, ran 24 ga Agusta, shekara ta 394 Miladiyya. Bayan wannan zuriya ta shuɗe, shi ke nan. Duwatsu suna nan cike da magana, jikokin masu maganar suna wucewa ta gindinsu da jakunansu, ba wanda ya san abin da aka ce.

An yi ta ƙoƙarin warware shi. Daga cikin malaman Musulmi, Zunnun al-Misri da Ibn Wahshiyya, waɗanda suka rayu fiye da shekara dubu da suka wuce, sun yi nazari a kansa, kuma littafin Ibn Wahshiyya a kan tsofaffin rubuce-rubuce har an fassara shi da Ingilishi a 1806. Turawa ma sun yi nasu, amma yawancinsu sun tafi a kan cewa kowane zane wani sirri ne na falsafa. Sai a watan Yuli na 1799 sojojin Faransa da ke gyaran wata ganuwa a garin Rashid suka ci karo da wani dutse. A jikinsa akwai sanarwa guda da aka rubuta a shekara ta 196 kafin Miladiyya don girmama Sarki Batlaimus na 5, an yi ta da rubutu iri uku: na zane, da na gaggawa na wancan zamani, da Girkanci. Ingilishi suka ƙwace dutsen bayan sun ci Faransawa da yaƙi, kuma tun 1802 yana gidan adana kayan tarihi na Landan, ko da yake 'yan Masar sun sha neman a mayar musu da abinsu.

Samun dutsen bai warware matsalar nan take ba, sai da aka ƙara shekara 23. Wani Bature ɗan Ingila, Thomas Young, ya gano wasu sautuka a cikin sunan sarkin. Amma wanda ya buɗe ƙofar shi ne Champollion, Bafaranshe, kuma makaminsa shi ne harshen Kibɗawa. Kibɗanci shi ne jikan harshen Fir'auna. Bayan Larabci ya mamaye Masar mutane sun daina magana da shi a kasuwa, amma Kibɗawa Kiristoci suka riƙe shi a cikin ibadarsu, suna koya wa 'ya'yansu, kuma har yau suna yi. Champollion ya koye shi tun yana saurayi, har da taimakon wani limamin Kibɗawa da ke zaune a birnin Faris. A watan Satumba na 1822 yana duba wani suna da aka kwafo daga haikalin Abu Simbal: zanen rana a farko, wata alama a tsakiya, da "s" biyu a ƙarshe. Ya san rana a Kibɗanci "ra" ce ko "re", ya kuma san wata kalmar Kibɗanci mai nufin haihuwa da ke da "m" da "s". Ya haɗa, sai ga sunan Ramsis. Daga nan abin ya yi ta warwarewa. Ya rasu a 1832 yana da shekara 41 kacal, amma ya bar ƙofa a buɗe. Kafin wannan, abin da duniya ta sani game da Masar ta dā daga bakin wasu ta ji shi. Bayan wannan sai mutanen suka fara magana da kansu, daga sarki har mai wanki.

Don mu gane girman abin da Kibɗawa suka yi, mu dubi maƙwabtansu. A Sudan, kusa da garin Shandi, akwai kufan tsohon birnin Merowe, cibiyar daular Kush. Mutanenta sun ari alamu daga rubutun Masar suka ƙirƙiro nasu mai harafi 23. Wani masani, Griffith, ya gano sautin haruffan tun wajen 1911. Yau masana suna iya furta abin da aka rubuta, suna gane sunaye da muƙamai da 'yan kalmomi, amma dogayen labaran sarakunan har yanzu ba a fahimci yawancinsu ba, domin harshen ya mutu bai bar magaji a bakin kowa ba. Ana karatu, ba a jin ma'ana.

Akwai kuma wani reshe na rubutun Masar da bai taɓa mutuwa ba, kuma yana hannunmu. Kimanin shekara 3,800 da suka wuce, wasu baƙi masu harshe dangin Larabci da Ibrananci, waɗanda ke aiki a Masar da ma'adinan Sina'i, suka ɗebi 'yan zane kaɗan daga ɗaruruwan nan, suka ba kowanne sautin farko na sunansa a harshensu. Kan sa, wanda suke kira alf, ya zama harafin farko. Gida, bait, ya zama "b". Ruwa ya zama "m", ido ya zama ain. Abin da magatakarda ke shekaru yana koyo, sai ga shi ya dawo haruffa ƙasa da 30 da lebura zai iya riƙewa. A ra'ayin mafi yawan masana, daga nan ne Finikiyawa suka samo nasu, daga Finikiyawa Girkawa da Rumawa suka ɗauka, abin da ya zama boko. Ta wani ɓangaren kuma ya bi ta Aramiyawa da Nabaɗawa ya zama haruffan Larabci, abin da ya zama ajaminmu. In muka juya babban "A" a kan allo, yara da kansu suke cewa ga ƙahoni biyu. Yaron da ke rubuta alif da ba da asuba, ya kuma rubuta A da B da hantsi, bishiya ɗaya yake tsinka ta rassa biyu. Masana harsuna ma sun sanya Hausa da Larabci da harshen Masar ta dā cikin babban dangi guda, suna kafa hujja da kalmomi irin su "mutu" da "huɗu" da suke da 'yan'uwa a can. Wannan dangantaka ce ta nesa ƙwarai, kada wani ya ce mun ce daga gidan Fir'auna muka fito.

Yanzu mu waiwayo gida, tun da waiwaye adon tafiya ne. Hausa ba ta cikin haɗarin mutuwa, miliyoyin mutane ke kwana su tashi da ita. Abin da ke ba mu tsoro shi ne tsohon rubutunmu. A zangunanmu, daga Kumasi zuwa Salaga da Yandi, gidaje da yawa suna da gafaka ko akwati da kakanni suka bari, cike da takardun ajami: wasiƙun fatake, lissafin goro, rabon gado, waƙoƙin wa'azi, sunayen iyaye da garuruwan da suka fito. Alhaji Umaru na Karaci, wanda ya rasu a 1934, ya rubuta tarihi da waƙoƙi da Larabci da ajami, kuma Jami'ar Legon ta tattara kwafin rubuce-rubuce irin waɗannan tun shekarun 1960. Amma na cikin gidaje fa? Sau da dama akan kawo mana wata takarda a makaranta a ce malam duba mana, wataƙila ta fili ce. A gidan akwai mai digiri, akwai wanda ya sauke Alƙur'ani, amma babu mai iya karanta hannun kakansa. Yaron da ya saba da bugun gabas, in ya ga fa da ɗigo a ƙasa da ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, irin na Magaribi, sai ya tsaya. In ma ya furta, sai ya tarar da kalmomin fatauci na dā da bai taɓa ji ba. Tsohon da zai warware masa kuwa yana zaure, ido ya fara rauni, kuma ba mai tambayarsa.

Abin bai fi ƙarfinmu ba. Yaron da ya iya haruffan Larabci, makonni kaɗan sun ishe shi ya kama ajami in ya sami mai nuna masa. Muna roƙon malaman allo da na islamiyya su ware ko da awa ɗaya a mako don wannan. Muna roƙon 'yan'uwanmu malaman boko su daina yi wa ajami kallon rubutun waɗanda ba su yi makaranta ba. Masu takardu a gida su fito da su daga inda gara da danshi za su ci su, a ɗauki hotonsu, a zaunar da dattijo ya karanta da ƙarfi, wani yaro ya rubuta da boko a gefe, a kuma rubuta ma'anar duk kalmar da ta tsufa. Wanda ya iya kuma kada ya ɓoye, don mun ga inda ɓoyo ya kai malaman Isna. Mutanen Masar sun dogara ga dutse, dutse kuwa ya cika alkawari ya ajiye musu maganarsu, amma sai da aka sami waɗanda suka riƙe harshen a bakin 'ya'yansu kafin a ji ta. Namu a kan takarda yake, ba zai jira shekara 1,400 ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.